Gyaran kik ɗin tsohuwar mota: tambayoyi da amsoshi

Ranar da tsohuwar mota ta ƙi tashi, kik, wato injin da ke tayar da mota in an murɗa makulli, shi ake fara ɗora wa laifi. Sai a kwance shi, wani lokaci ma a jefar da shi a sayo wani, alhali ciwon yana kan batir ko a jikin wata waya da ta yi tsatsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu irin waɗannan motoci suka fi yi. Yawancin misalan daga Peugeot 504 na ɗauko su, domin tana cikin tsofaffin motocin da mutanenmu suka fi sani. Ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da fitar da 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da daina ƙera ta. Amma bayanin ya shafi Volkswagen Beetle da tsohuwar Land Rover da Mercedes ta wancan zamanin.

Malam, mene ne ma a cikin kik ɗin nan?

Ƙaramin injin lantarki ne da aikinsa bai wuce na 'yan daƙiƙu ba. A tsakiyarsa akwai ameca, wato sandar da aka naɗe da waya mai kauri, ita ce take juyawa. A gindinta akwai zoben jan ƙarfe mai tsage-tsage, inda burosh, wasu 'yan ƙananan dunƙulaye da sifirin ke dannawa, ke gogawa suna ba ta wuta. Jikin gangar kuma akwai koyil, wanda ke zama maganaɗisu in wuta ta shige shi. A gaba akwai bendis, ɗan ƙaramin giya da ke fita ya kama haƙoran filawil, babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, ya juya inji. A saman gangar kuma solonoyid yake, mai aiki biyu: ya tura bendis gaba, sannan ya haɗa babbar wutar batir da ameca.

Haka na 504 da Beetle da Mercedes suke. Tsofaffin motocin Ingila, irin su Land Rover mai fetur ta da, suna da wani iri na kamfanin Lucas wanda ba shi da solonoyid a kansa. Shi gudun ameca ne ke wurga bendis ya kama filawil, in inji ya tashi ya wurgo shi baya.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne yawan wutar da yake ja. Kik ɗin mota mai fetur da silinda huɗu yakan ja amfiya 100 zuwa 200, na dizal ya fi haka nesa. Babu wani abu a jikin mota da ke jan ko kusa da wannan. Shi ya sa ɗan tsatsar da ba za ta hana fitila haske ba take iya hana kik motsi.

Na murɗa makulli, sai dai in ji "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri. Kik ya mutu ke nan?

Kusan koyaushe a'a. Wannan ƙarar ta wutar da ba ta isa ba ce. Solonoyid ya kama, ameca ta ja wuta, wutar ta faɗi, solonoyid ya saki, wutar ta dawo, ya sake kamawa. Batir ne ya yi sanyi, ko kawunansa sun yi farin gishirin nan, ko kuma sun yi sako-sako.

In kana da mita, cikakken batir da ya huta yana nuna volt 12.6. In ya nuna 12.0, ya yi ƙasa sosai. Amma awon da ya fi faɗin gaskiya shi ne wanda ake yi a lokacin da ake murɗa makulli: bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. Akwai batir da zai nuna maka 12.5 yana zaune, ana ɗora masa nauyi ya rufta.

In babu mita, kunna manyan fitilu, ka sa yaro ya tsaya a gaba ya duba. Suka dushe ƙwarai ko suka mutu da ka murɗa, to batir ne, ko kawunansa, ko kuma wani abu ya riƙe kik ko injin. Haskensu bai ko girgiza ba, to wutar ba ta shiga kik ɗin ma sam.

Batir sabo ne, amma "ƙas" ɗaya nake ji, shi ke nan.

A nan ne aka fi asarar kuɗi a banza, don haka bari in tsaya a kai. Sabon batir bai wanke wayoyi ba. Wuta tana fita ta babbar waya zuwa kik, amma ta jikin inji take komawa, ta bi wayar at zuwa bodi da batir. A motar da ta haura shekara talatin, wannan wayar at ɗin ta sha baƙin mai da ruwan sama da zafi. Ta waje za ka gan ta lafiya, cikin kuwa ya koma kore, ko inda aka ɗaure ta ya yi tsatsa.

Gwajin ba shi da wuya. Sa giya a firi, ka ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, ka maƙala kai ɗaya a kan batir da wayar at ke ɗaure (a yawancin motoci shi ne mai alamar ragi), ɗayan kuma a wani ƙarfe mai tsabta a jikin inji. Murɗa makulli. In ta tashi garau, wayar at ce, kik ɗinka ba shi da laifi. Mai mita zai iya auna tsakanin kan batir da jikin kik ana cikin murɗawa. Abin da ya wuce rabin volt a kowane ɓangare asara ce da ke tafiya a hanya. Ko da hannu ma ana ganewa: bayan an gwada tayarwa, taɓa mahaɗan wayoyin a hankali, duk wadda ta yi zafi ita ce ke riƙe wuta.

Sai an wanke waɗannan ake komawa kan solonoyid. A cikinsa akwai faranti na jan ƙarfe da ke haɗa manyan notuna biyu. Kowace tayarwa yana ɗan ƙonewa, har ya kai ga yana bugawa amma ba ya wuce da wuta. A wasu tsofaffin solonoyid ana iya buɗe murfin, a goge farantin, a juya notunan su ba da sabuwar fuska. Wanda aka danne bakinsa tun daga kamfani kuwa canza shi ya fi.

Ni kuwa shiru nake ji, ko "ƙas" ɗin babu.

Duba siririyar wayar da ke zuwa solonoyid daga makulli. A kik irin na Bosch an rubuta 50 a wurinta, babban notin batir kuma 30. Sau da yawa bakinta ne ya saki. In tana nan daram, a sa fitilar gwaji a ga ko wuta na zuwa in an murɗa. Ba ta zuwa, makullin ne ya ci, ko kuma, a mota mai giya otomatik, suwic ɗin da ke hana tashi sai a P ko N. Tana zuwa amma da rauni, to tsufan makulli da na wayoyi ne, kuma maganinsa mai kyau shi ne a sa rile, ɗan suwic da wuta kaɗan ke kunnawa, kusa da kik, makulli ya riƙa kunna rile ɗin kawai. Wannan ya fi maɓallin da ake liƙawa a dashbod ana yanka wayoyin asali.

Me ya sa in aka ƙwanƙwasa shi da sufana sai ya tashi?

Saboda burosh sun ƙare, ko sun maƙale a gidansu da datti, ba sa taɓa zoben jan ƙarfe sosai. Bugun ne ke girgiza su su taɓa. Akwai kuma wani dalili da mutane da yawa ba su sani ba: koyil ɗin da ke jan solonoyid da ƙarfi ta cikin burosh yake samun at. In burosh ba su taɓa ba, solonoyid ma ba zai kama da kyau ba, sai a yi zaton shi ne ya lalace a canza shi, ciwon kuma yana nan.

Ƙwanƙwasawa dabara ce ta kai mota gida. Wanda ya mayar da ita al'ada, tartsatsin da burosh ke yi zai ƙone masa zoben ameca, gyaran ɗan kuɗi kaɗan ya koma babba. Kuma in an taɓa sa wa motar kik na zamani mai maganaɗisu a maimakon koyil, kada a buge shi ko kaɗan, maganaɗisun fashewa yake yi.

Yana juyawa, amma da nauyi, musamman in inji ya yi zafi.

In batir da wayoyi lafiya, to ka zargi bushin. Su ne zobban tagulla da sandar ameca ke juyawa a cikinsu. Tazarar da ke tsakanin ameca da ƙarafan koyil 'yar kaɗan ce, bushin na cinyewa sai ameca ta fara gogar jiki. Zafi yana sa ƙarfe ya ɗan kumbura, wayoyi kuma su ƙara riƙe wuta, shi ya sa abin ya fi tsanani da rana bayan doguwar tafiya. Kana buɗewa za ka ga sheƙin goguwa a jikin ameca.

Amma kada a manta da injin kansa. Tsofaffin motocin nan da hannu ake saita musu taimin a distiributa. In aka kai wutar gaba da yawa, fetur yana kamawa tun fistin bai kai sama ba, sai ya turo baya. Za ka ji kik ya juya, ya tsaya cak, ya sake juyawa. Wannan yana iya karya hancin kik. Haka ma in gasket ya ƙone ruwa ya cika silinda: inji zai ƙi juyawa, kuma duk wanda ya dage da murɗa makulli a wannan hali zai iya lanƙwasa kwanrod, sandar da ke riƙe fistin. In kana shakka, cire fulogi duka ka gwada juya injin da sufana.

Ina jin yana gudu "wiii", amma inji bai motsa ba. Wani lokaci kuma ƙarar ƙarfe nake ji mai ban tsoro.

Na farko bendis ne. A cikinsa akwai wani ɗan kuloci da ke kamawa ta gefe ɗaya ya saki ta ɗayan, don kada inji ya ja kik in ya tashi. Kama giyan da yatsa: ya kamata ya juya sumul ta gefe ɗaya, ya ƙi ta ɗayan. Ya juya ta ko'ina, ya gama aiki. Ba a gyara shi, canzawa ake yi. Wani lokaci kuma cokalin da ke tura shi ne ya karye ko ya fita daga wurinsa.

Na biyu haƙora ne. Inji mai silinda huɗu yakan tsaya a wurare biyu ne in an kashe shi, don haka haƙoran filawil a wuraren nan biyu suke cinyewa. Shi ya sa yau ta tashi lafiya, gobe ta yi ƙara. In ka cire kik, haska tocila a ramin, a juya inji a hankali ka duba haƙoran duka. Sa sabon bendis a kan filawil da ya cinye ɓarnar kuɗi ce, sai dai a sauke giyabos a canza zoben haƙoran. Kafin nan dai a tabbata notunan da ke riƙe kik ba su kwance ba, don wannan ma yana kawo ƙarar.

Na saki makulli, kik bai tsaya ba. Me zan yi?

Kashe inji, ka cire kan batir na wayar at nan take. Farantin solonoyid ne ya narke ya manne, ko makulli bai dawo ba. 'Yan mintoci kaɗan sun isa ameca ta ƙone, wayoyi su kama wuta. Batir mai rauni yana cikin abubuwan da ke sa farantin mannewa.

Ya halatta a haɗa notunan solonoyid da sukudireba don a tayar?

Masu wayarin suna yi don gwaji, kuma yana raba gardama: in aka ba wa 50 wuta daga 30 kik ya juya da ƙarfi, to matsalar tana wajen makulli. Amma hatsari ne na gaske. In motar tana cikin giya za ta yi gaba da wanda ke tsaye a gabanta ko kwance a ƙarƙashinta. A sa firi, a ja birkin hannu, a sa dutse a taya. A cire agogo da zobe. A tabbata babu fetur da ke ɗiga daga kafireta, domin tartsatsi ake yi. Wanda bai saba ba ya bar wa masu sana'ar.

Zan iya kwance shi da kaina?

Za ka iya, in kana da haƙuri. Fara da cire kan batir na wayar at, domin babbar wayar kik tana da wuta ko an zare makulli. In sai ka shiga ƙarƙashi, kada ka amince wa jak shi kaɗai. Kik yana daidai inda inji ya haɗu da giyabos, notuna biyu ko uku ke riƙe shi.

Kafin ka buɗe, ja layi da ƙusa a jikin ganga da murafenta don su koma yadda suke. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Ka lura da siraran zobban ƙarfe da ke kan sandar ameca, ka jera su yadda suka fito, su ne ke hana ta wasa gaba da baya. Goge ameca da koyil da tsumma da buroshin goge datti busasshe, kada ka jiƙa su a fetur ko dizal. Bendis ma kada a tsoma shi, domin giris ɗin da ke cikinsa zai wanke, kuma babu hanyar mayar da shi.

Yaya ake gyara burosh da zoben ameca?

Burosh da ya cinye ya kai rabin tsawonsa a canza shi, kuma duka ake canzawa tare. A tsofaffin kik wasu da dalma ake haɗa su da koyil, to a samu ƙarfen soda mai zafi sosai, a kuma riƙe wayar da filaya don kada dalma ta bi ta ta sandare. A duba sifirin ɗin da ke danna su. Wanda zafi ya kashe ba zai danna ba ko da burosh sabo ne.

Zoben jan ƙarfe a goge shi da samfefa mai laushi ta katako, ana juya ameca, ba baƙar nan ta goge ƙarfe ba, domin ƙurarta tana maƙalewa ta ci burosh, tana kuma iya haɗa wuta tsakanin tsagogin. In ya yi rami, a kai wa mai injin tona ya ɗan share shi kaɗan. Sai a tsaftace tsagogin da karyayyen zarto da aka sirantar, zurfin kamar rabin milimita. In ka ga ɗigon dalma a warwatse cikin murfi, ameca ta taɓa yin zafin da ya wuce kima. A auna tsakanin zoben da sandar ƙarfe: bai kamata wuta ta wuce ba.

Bushin fa?

Sabon bushin na tagulla yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, masu shan mai. A jiƙa shi a baƙin mai mai tsabta ya kwana kafin a sa, a kuma tura shi a miƙe da abin da ya yi daidai da bakinsa, ba a dake shi da guduma kai tsaye ba.

Masu Beetle su kula da wannan: a yawancinsu bushin na gaba ba a jikin kik yake ba, yana cikin gidan giyabos. Mutum zai gyara kik tsaf, ya mayar, ya ci gaba da nauyi, saboda an bar tsohon bushin a ramin. Kuma irin wannan kik ba a barinsa ya yi gudu a ƙasa, tunda babu abin da ke riƙe kan sandar. Beetle ta fara komawa volt 12 daga volt 6 a samfurin 1967, haƙoran filawil suka koma 130 daga 109, don haka kik ɗin wannan ba ya shiga waccan.

A sa giris?

Ɗan kaɗan a kan murɗaɗɗen zaren da bendis ke zamewa a kai, da bakin cokali. Kada ya taɓa burosh ko zoben. A irin na Lucas mai wurga kansa kuwa, a bar zaren a bushe. Ƙurar hunturu da ƙurar kuloci suna haɗuwa da giris su daskare, bendis ya ƙi fita.

Gyara ya fi, ko in je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna in sayo wani?

Ra'ayina a fili yake: in kik ɗin asali ne, a gyara shi. Irin na Paris-Rhône da Ducellier da aka sa wa 504, kamfanonin da daga baya suka koma ƙarƙashin Valeo, da kuma na Bosch, an ƙera su ne don a riƙa buɗewa ana canza abin da ya ci. Jan ƙarfen da ke cikinsu mai kauri ne. Burosh da bushin da bendis da solonoyid su ne ke mutuwa, kuma dukansu ana samu. Ina jin takaici in na ga an sayar wa masu gwangwan irin wannan kik saboda burosh kawai, an sa sabo mai sheƙi marar nauyi wanda ba zai ga damina biyu ba. Araha ba ta ado.

Inda zan ce a nemi wani shi ne in ameca ta ƙone, ko hanci ya tsage, ko koyil ya toye. Akwai masu sake naɗin ameca da hannu, wasunsu gwanaye ne, amma in za a samu ameca ta asali mai lafiya daga wani tsohon kik, ita na fi so. In na Kwatano za ka saya, tafi da naka a hannu. A ƙirga haƙoran bendis, a gwada ramukan notuna da tsawon hanci, a ga ko gefe ɗaya suke juyawa. In ba irin na Beetle ɗin nan ba ne, a jona shi da batir a gabanka, amma ka sani gudu a ƙasa ba shaida ba ce, kik mai rauni ma yana gudu in babu nauyi. Ku yi magana da mai shago cewa za ka dawo da shi in ya gaza a jikin mota. Tsohon naka kuma ka ajiye shi, kada ka bari a karɓe a matsayin ragin kuɗi.

Tunda tana tashi da turi, me zai hana in ci gaba haka?

Mota mai giyar hannu tana tashi da turi: a buɗe makulli, a sa giya ta biyu, a taka kuloci, in ta ɗauki gudu a saki. Tsohuwar mota mai kafireta ba ta damu ba in an yi sau ɗaya ko biyu. Amma kullum yana wahalar da kuloci da giyabos, kuma ranar da ta mutu a tsakiyar mahaɗar titi babu mai turawa. In batir ya mutu murus ma turin ba lallai ya yi ba, saboda koyil ɗin fulogi da altaneta suna bukatar ɗan wuta kafin su fara aiki.

An gyara, an mayar. Me zan kiyaye don kada ya sake lalacewa?

Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, ka kuma ba shi kamar minti ɗaya ya huce kafin ka sake, domin ba shi da fanka. Motar da sai an daɗe ana murɗawa kafin ta tashi, a duba mata kwantak da fulogi da kafireta, in dizal ce a duba hita, domin irin wannan murɗawar ce ke cinye kik. A auna caji inji na aiki, ya kamata a ga volt 13.8 zuwa 14.4 a kan batir. In baƙin mai yana ɗiga a kan kik, a toshe inda yake fitowa, mai yana jiƙa burosh ya lalata su. Motar da ake ajiyewa sai ranar biki kuma, a cire mata kan batir, a riƙa caja shi duk wata.